Injin Wankin 'Yan Aji Biyar

Kalgo, 6 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Abdulgani,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ya zafi, ya ƙarfin jiki? Ni ce Rut, jikar Albarka ta Zuru, wadda take ita da mahaifiyarka 'yan wa da ƙani ne. Mun haɗu wajen jana'izar Albarka bara waccan. Ni ce na zauna kusa da kai ina ta zuba kana murmushi, sai da Inna ta ja ni gefe ta ce ƙarar injin niƙa ta daɗe da cinye maka kunne. Shi ya sa ban kira ka a waya ba. Haliru direba, mai kai kifi Gwandu ranar kasuwa, ya ce ya san shagonka, zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu.

An turo ni Kalgo koyarwa. Aji biyar nake riƙe da shi, yara hamsin da huɗu. A littafinmu na kimiyya akwai hoton injin wanki da kibiyoyi suna nuna nan da can. Na tambayi wanda ya taɓa ganinsa, yara biyu suka ɗaga hannu, ɗayan ma a talabijin ya gani. Na karanta musu bayanin, suka maimaita kamar waƙa, suka haddace tsaf. Amma babu wanda ya gane, har da ni mai koyarwar.

Sai ga shi an yi wa maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya canjin wurin aiki, ta bar min injinta da ya mutu, irin mai rami biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Na sa aka turo shi a baro har cikin aji. Hedimasta ya ce na mayar masa da makaranta bola. Ya ba ni zuwa ƙarshen zango, in bai ga amfaninsa ba za a fitar da shi.

Kawu, a danginmu kai kaɗai na sani mai sanin cikin inji. In buɗe shi? Ta ina zan fara, kuma me zan nuna wa yaran?

'Yarka,
Rut

Gwandu, 11 ga Mayu

Ɗiyata Rut,

Ina amsawa, ina kuma gaishe ki da aiki. Takardarki ta iso, tana ɗan ƙarnin kifi, amma na karanta ta sau uku. Jiki da sauƙi, sai gwiwa da hannun dama da ya fara rawa. Na tuna ki sarai. Ban ji abin da kika faɗa ranar ba, amma na ga bakinki bai huta ba, na ce wannan ko dai malama ce ko lauya.

Injin niƙa da injin ban ruwa su ne aikina shekara arba'in. Injin wanki sau biyu kacal na taɓa buɗewa, na wani likita. Amma inji duk inji ne, wani abu ke juyawa ya juya wani.

Kada ki buɗe shi tukuna. Ki sa yaran su kawo tsumma su yi wanki da hannu a gabanki, su faɗa miki abin da hannun ke yi. Za su ce jiƙawa, cuɗawa, ɗauraya, matsa. Injin nan bai san wani abu ba bayan waɗannan huɗu. Sannan ki ɗaura igiya a ƙaramin bokiti da ruwa rabi, wani ya wulwula shi ta saman kansa, su ga ko zai zube. Bayan haka ki samo gwangwanin madara babba, ki huhhuda shi da ƙusa, ki sa jiƙaƙƙen tsumma a ciki, a wulwula shi ma.

Abu ɗaya nake roƙonki. A cikin injin akwai wani abu kamar ƙaramin gwangwanin tumatir mai wayoyi, ana ce masa kafasito. Yana riƙe wuta ko an zare filogi. Ki sa mai gyaran lantarki ya cire shi kafin hannun yaro ya shiga.

Kuma kada ki riga su faɗin amsa. Maigidana da ya koya min aiki, in na yi masa tambaya sai ya tashi ya tafi shan shayi ya bar ni da injin. Na tsane shi shekara biyu, na yi masa addu'a shekara arba'in.

Kawunki,
Abdulgani

Kalgo, 24 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi. An yi mana ruwan farko ranar Talata, gari ya ɗan yi sanyi.

Na yi yadda ka ce, kuma ban taɓa ganin ajina haka ba. Na ƙara da nawa: kwalabe uku, kowace da ƙyallen da muka shafa wa manja. Ta farko ruwa zalla, ta biyu ruwa da sabulu aka ajiye ta, ta uku ruwa da sabulu aka yi ta girgizawa. Da kansu suka ce sabulu shi kaɗai ba ya wanki, sai da motsi. Wajen bokiti kuwa, wani yaro Muzzammil ya wulwula ruwa bai zube ba, ya ji daɗi ya rage gudu don ya kalli abokansa, ruwan ya sauko masa a ka. Babu wanda zai manta darasin nan.

Amma labarin da nake so in ba ka na wata yarinya ce, Amatullahi. Shekararta goma sha ɗaya, a bayan aji take zama, tun farkon shekara ban ji muryarta sau biyar ba. Mahaifiyarta Hajjo wankau take yi a gidajen ma'aikata. Da muka wulwula gwangwani mai huji, kowa ya ce juyi ne ke tura ruwan waje. Ita kuwa ta je ta tsuguna tana duba inda ɗigon ruwan ya faɗa a ƙasa. Ta sa aka sake sau uku. Sannan ta ce:

"Malama, ba tura shi ake yi ba. Ruwan hanyarsa yake so ya miƙe, gwangwanin ne ke kwana. Tsumma ba ya iya bi ta huji, shi ya sa aka bar shi a ciki."

Kawu, na koma gida na duba babban littafina na kwaleji. Abin da ke ciki ke nan, sai dai su sun faɗa da dogon Turanci.

Joel mai gyaran lantarki ya cire mana kafasiton, muka buɗe bayan injin. Yara suka ga bel da fuli, wato faifan da bel ɗin ke zagayewa, suka juya da hannu, suka ga faifan da ke ƙasan ramin wanki yana motsi. Joel ya ce kwayil ɗin, wato naɗin wayar da ke juya injin, ya ƙone ƙurmus, ba zai gyaru ba. Sai Amatullahi ta tambaya ko dole ne sai lantarki zai juya fulin. Yanzu haka sun jawo wani tsohon keke daga sito, sun ce da ƙafa za su tuƙa injin. Zai yiwu?

'Yarka,
Rut

Gwandu, 1 ga Yuni

Ɗiyata,

Lafiya lau muke, mu ma ruwa ya sauka, mutanen Dalijan har sun fara shuka.

Zai yiwu ƙwarai. Ga zane nan na haɗo miki, kwana uku na yi a kansa saboda hannun nan ba ya bin umarni. Ku kafe keken a kan katako, ƙafar baya ta tashi daga ƙasa. Ku cire taya ku bar rim. Ku zagaya dogon bel a kan rim ɗin, ku ɗan murɗa shi ya kwanta ya kama fulin da ke ƙarƙashin injin. Rim babba ne, fuli ƙarami, don haka taku ɗaya na feda zai ba ku juyi da yawa. Na rubuta awon komai a gefe.

Yarinyar nan kuwa, na karanta maganarta na sake karantawa. Na yi shekara arba'in ina ganin ruwa na fita daga fanfo, ban taɓa faɗin abin da kyau haka ba. Ki dawo da ita gaban aji. Ki sanar da ni yadda zanen ya yi.

Abdulgani

Kalgo, 7 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. A gurguje nake rubutu, Haliru na jira a bakin titi.

Zanenka ya iso, na gode. Na sa shi a aljihun tebur na kulle, ba da shi muke aiki ba.

Wata damuwa ta taso. Kwana huɗu Amatullahi ba ta zo makaranta ba. Na je gidansu, Hajjo ta karɓe ni a tsaye. Ta ji a gari cewa malamar aji biyar na ƙera injin da zai yi wa ma'aikata wanki. Ta ce da wankin nan take ciyar da yara huɗu tun rasuwar mijinta, ba za ta tura 'yarta ta taya a ƙera abin da zai raba ta da sana'arta ba. Na yi bayani, ba ta saurara ba. Ban san yadda zan yi ba.

Rut

Kalgo, 28 ga Yuni

Kawu Abdulgani,

Barka da Sallah, ko da yake ta wuce. Ina fatan an yi lafiya, an ci nama da haƙoran da suka rage.

Mako uku ke nan ban ga takardarka ba. Haliru ya ce ya same ka zaune a ƙofar shago, ka karɓi wasiƙata, ka karanta a gabansa, ka ninke ta ka sa a aljihu. Ya koma sau biyu ka ce babu saƙo. Ya ce a ganinsa lafiyarka ƙalau, amma hankalina bai kwanta ba. In jikin ne, ka sa wani ya rubuto min layi ɗaya. In kuma wani laifi na yi, ka faɗa min, ni 'yarka ce. Ina da labari mai yawa, amma ba zan iya ba ka ba sai na san kana lafiya.

Rut

Gwandu, 5 ga Yuli

Ɗiyata Rut,

Na gode da barka da Sallah. Lafiyata lau, ki kwantar da hankalinki. Fushi na yi, kuma tsoho in ya yi fushi kunya ke hana shi faɗa.

Tun da kunnena ya tafi, mutane suka daina kawo min aiki. Suna cewa wanda ba ya jin kukan inji ba zai san ciwonsa ba. Sai su wuce ni su kai wa yaran da ni na koya wa riƙon filaya, su ɗago min hannu daga nesa. 'Ya'yana ma sun ce in rufe shagon in huta. Ina buɗewa ne kawai don in sami wurin zuwa da safe. Takardarki ta farko ita ce karo na farko cikin shekara shida da wani ya tambaye ni yadda ake yin wani abu.

Sai na karanta cewa kin sa zanena a aljihun tebur kin kulle, ba da shi kuke aiki ba. Na ce to, ita ma ta duba ta ga aikin tsoho ne mai rawar hannu, ta ajiye cikin ladabi. Ban ma karanta sauran takardar da kyau ba sai shekaranjiya. Da na ga maganar yarinyar nan da uwarta, na ji kunya ta kama ni. Kina cikin wannan damuwa, ni ina nan ina jinyar zuciyata a kan takarda ɗaya.

Ki yafe min. Ki ba ni labarin yarinyar. Uwarta ba ta yi laifi ba, duk mai sana'ar hannu ya san wannan tsoron.

Kawunki,
Abdulgani

Kalgo, 9 ga Yuli

Kawu,

Na karanta takardarka a ofishin malamai, sai da na fita waje. Ni ce da neman gafara, gaggawa ta sa na yi rabin magana. Na kulle zanen ne saboda kai ka ce kada in riga su faɗin amsa. Na gaya wa yaran cewa amsar wani babban injiniya na cikin aljihun nan, ba za a buɗe ba sai sun gwada nasu sun gaji. Kullum sai sun zo sun leƙa ta ramin makulli.

Sun gwada igiya, ta yi ta zamewa. Sun gwada sarƙar keke kai tsaye, ta faɗi. Sun yanka tsohuwar robar taya, ta kama amma ta ƙi kwanciya a kan fuli. Kwana tara suna fama. Ranar da muka buɗe zanenka, suka ga 'yar murɗawar nan da ka yi wa bel, Muzzammil ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Kafin a tashi injin ya juya. Zanen yanzu yana manne a bango cikin leda, sun rubuta sunanka a ƙasa.

Sai dai da muka sa kaya, suka cukurkuɗe suka zama dunƙule ɗaya kamar igiya, dattin bai fita ba. Muna cikin haka sai ga Hajjo. Ta zo ne ta gaya wa hedimasta ta cire 'yarta, Amatullahi na bayanta riƙe da littattafan da za ta mayar. Ta leƙo ta taga ta ga yadda muke jan kayan, dariya ta ƙwace mata. Ta shigo ta ce waye ya koya mana wanki da hannu ɗaya. Ta ɗauki riga ta nuna mana: a kai, a dawo, a kai, a dawo. Ta ce duk wankin da bai dawo ba, naɗi ne.

Muka ce mai tuƙi ya riƙa juya feda baya. Sai feda ta yi ta juyawa ita kaɗai, ƙafar keken ba ta bi ba, saboda firiwil, haƙoran nan na ƙafar baya da ke jan keke gaba kawai. Kawu, kada ka ji haushi, wannan ba ya cikin zanenka. Amatullahi ta ajiye littattafan, ta tsuguna ta daɗe tana juya fedar gaba da baya. Ta nemi waya, ta ɗaure haƙoran firiwil ɗin da sifok, siraran ƙarafan ƙafar keken, tam, wuri huɗu. Aka taka gaba ya tafi, aka taka baya ya dawo. Kaya suka warware suna iyo.

Hajjo ta ciro wata farar riga ta duba wuyanta a rana, ta ce har yanzu da saura, wannan sai hannu. Na ga kafaɗunta sun sauka. Sannan muka mayar da bel ɗin kan ramin matsa, muka sa zanen gado jiƙaƙƙe. Da ya fito ta taɓa shi. Ta nuna min wuyan hannunta duka biyu a kumbure, ta ce matsar zannuwan gado da barguna ce ta yi mata haka, kuma Amatullahi ke kama mata ɗaya bakin kullum kafin ta taho makaranta.

Ba ta shiga ofishin hedimasta ba. Ta ce wa 'yarta, "Ɗauki littattafanki ki zauna." Yanzu duk Asabar tana kawo manyan kaya ta matse a nan, yara na rububin taka mata feda.

Ranar 18 ga wata iyaye za su zo ganin aikin yara. Haliru ya ce kujerar gaba a motarsa taka ce. Yaran sun ce in ba ka zo ba su za su zo Gwandu da injin a baro.

'Yarka,
Rut

Gwandu, 22 ga Yuli

Ɗiyata Rut,

Na iso gida lafiya, gwiwa ta yi ƙorafi kwana biyu ta haƙura. Ki gaishe da hedimasta. Na ga yadda ya tsaya kusa da injin yana yi wa iyaye bayani da hannu biyu kamar shi ya haife shi. Ki bar masa, haka manya suke.

Akwai abin da ban iya faɗa miki a can ba saboda mutane. Kin ga lokacin da injin ya fara tsalle wajen matsa, na ɗora tafin hannuna a jikinsa na ce kayan sun taru gefe ɗaya. Haka nake sauraron inji tun da kunne ya tafi, ban taɓa gaya wa kowa ba don kada a yi min dariya. Da na ɗago sai na ga yara sun yi layi. Ɗaya bayan ɗaya suna ɗora hannu, suna rufe ido. Amatullahi ta gyara zaman kayan, ta kamo hannuna ta mayar a kan injin don in ji ya daidaita. Sannan ta ɗauki alli ta rubuta min a allo: "Baba, me ya sa nauyi a gefe ɗaya ke sa shi rawa?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, na tuna, na tafi neman shayi.

Maganar firiwil kuwa, gaskiyarki ce, na manta da shi sam. Da ni ne da walda zan like shi, in lalata keken har abada. Amatullahi ta yi da waya, ana iya kwancewa a hau keken gobe. Nata ya fi nawa, ki gaya mata haka a gaban aji, da bakina.

Hajjo ta ce in riƙa shafa man kaɗanya a gwiwa. Ki ce mata na fara.

Haliru zai sauke miki akwatin ƙarfe mai nauyi tare da wannan takarda. Kayan aikina ne. Na rufe shagon jiya, ba don 'ya'yana sun ce ba, don na ga inda kayan za su yi aiki. Ki ajiye su a aji, ba a ofis ba. A shafa musu mai duk wata, wanda ya ɗauka ya mayar da hannunsa. Akwai wani mataccen injin ban ruwa a bayan shagon, in an koma hutu zan aiko muku shi, ni ma in biyo shi in kuna so.

Sifana mai lamba goma babu ita a cikin akwatin. Ta ɓata tun kafin a haife ki, kada ki tuhumi yaran.

Allah ya yi miki albarka, ya raya mana su.

Kawunki,
Abdulgani